WANE ZANGO YA FI DAƊI? GARDAMAR 'YAN MATA A KAN NARUTO

  Makon nan mun ɗan ajiye zancen girki da ɗinki. Wata gardama ce na kawo muku, wadda aka yi a gabana a nan Zauro, ta kuwa kusa raba aminai biyu, har ta kusa fid da yarinya guda daga makaranta. Na san waɗansunku za su ce, "Af, ai zancen yara ne." Ni ma haka na ce da fari. Ku dai yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe.

Ran nan an fita tara, ina zaune cikin aji ina duba littattafan lissafi, sai na ji hayaniya a gindin dogon yaro. Na leƙa ta taga, na ga 'yan mata wajen goma sun yi da'ira, kowa na magana, ba mai sauraron wani. Wannan ta ce, "Zangon gada!" Waccan ta ce, "Ina! Zangon jarrabawa!" Wata kuma ta ɗaga murya ta ce duk ba su san daɗi ba, sai zangon Pain. Ni kuwa na ɗauka wata gada ce ta karye a hanyar Argungu, ko kuma an sa ranar jarrabawa ban ji ba. Da na fito na tambaya, sai suka bushe da dariya, suka ce, "Malama, ai Naruto ne."

Bayan kwana uku sai ga wata dattijuwa ta yi sallama a gidanmu. Gwaggon ɗaya daga cikin yaran ce, ita ta riƙe ta tun mahaifiyarta ta rasu. Muka gaisa, na kawo mata ruwa. Ta ce, "Malama, ɗiyarki ta bar magana da ƙawatta, kwana ukku ke nan, ko tuwo ba ta ci sosai. Na tambaye ta, ta ce wai kan wani yaro na cikin waya. Ni kau na amshe wayar. In makaranta ta ka kawo wanga abu, gara ta zamna gida."

Na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Yaron nan zane ne, ba ya da rai. Ki ba ni mako biyu in bincika, kafin ki yanke shawara." Ta yarda, amma da ƙyar. Na je wurin ƙanena, wanda ya ke da wasan a katin wayarsa, na kalli abin da ya samu da dare bayan na gama shirin darasi, sauran kuma ya ba ni labari. Ga abin da na gano.

MENE NE NARUTO?

Naruto wasa ne na zane mai motsi, irin wanda yara su ke kira katun. Mutanen Japan su ke yin wannan iri, sunansa a wurinsu anime. Asalinsa labari ne na zane a takarda. Wani mai zane, Masashi Kishimoto, wanda aka haifa a 1974, shi ya fara buga shi a wata mujallar yara ta mako-mako mai suna Weekly Shonen Jump a shekarar 1999. Bai kai ƙarshensa ba sai a 2014. Shekara goma sha biyar ke nan yana ba da labari guda, babi 700, waɗanda aka tara cikin littattafai 72. An buga kwafi fiye da miliyan 250 a duniya.

A 2002 aka mai da shi wasan talabijin. Rabin farko kashi 220 ne, ya ƙare a 2007. Rabi na biyu, mai suna Naruto Shippuden, kashi 500 ne, daga 2007 zuwa 2017. Yaranmu su kan same shi a wurin masu tura fim a waya a kasuwa, ko kuwa wani ya tura wa wani.

Labarin kuwa na wani yaro ne maraya, a wani gari da a ke kira Konoha, watau Garin Ganye. Ranar da aka haife shi wani dodo mai siffar yanyawa, mai wutsiya tara, ya auka wa garin. Shugaban garin ya ɗaure dodon a cikin jikin jinjirin, ya rasa ransa wajen yin haka. Yaro ya tashi ba uwa ba uba, mutane suna ƙyamarsa, suna hana 'ya'yansu wasa da shi. Sai ya ɗau alkawari zai zama shugaban garin, don kowa ya san da zamansa. Ya shiga makarantar ninja, watau mayaƙan ɓoye, aka haɗa shi da abokai biyu, Sasuke da Sakura, a ƙarƙashin wani malami mai suna Kakashi.

To, labari mai tsawo haka ba ya tafiya a miƙe. Kamar tafiyar fatake ce ta dā, daga Kano zuwa Gwanja: a yi tafiya, a sauka a zango, a tashi, a kuma sauka a wani. Ko wane zango yana da nasa abokin gāba, da nasa tashin hankali, da nasa ƙarshe. Wannan shi ne abin da 'yan matan su ke wa gardama: a cikin zangunan nan, wanne ya fi?

MASU SON ZANGON GADA

Wannan shi ne babban zango na farko, daga wajen kashi na 6 zuwa na 19. An ba su Naruto aikin raka wani tsoho maginin gada, Tazuna, zuwa ƙasarsu. Ƙasar tsibiri ce, ruwa ya kewaye ta, kuma wani attajiri azzalumi mai suna Gato ya mallake jiragen ruwa duka. Ba abin da zai shiga ko ya fita sai ta hannunsa, sabo da haka talauci ya kama mutane. In an gama gadar, cinikinsa ya mutu. Don haka ya yi hayar wani maƙashi, Zabuza, ya kashe tsohon.

Mu mutanen fadamar Rima ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Duk wadda ta ga ambaliyar 2020, sa'ad da ruwa ya cinye shinkafa a Jihar Kebbi ya yanke hanyoyi, ta san abin da gada ta ke nufi ga mai kai kaya kasuwa da mai kai mara lafiya asibiti.

Amma abin da ya kama zuciyar masu son zangon nan shi ne wani yaro, Haku. Maraya ne shi ma, Zabuza ya tsince shi a titi ya rene shi, yana ce da shi makami ne kawai a hannunsa. Ranar faɗan ƙarshe a kan gada, Kakashi ya kawo wa Zabuza bugun da ba a tashi, sai Haku ya shiga tsakani ya karɓa, ya mutu. Gato ya zo da 'yan dabarsa, ya ci amanar Zabuza, har ya shuri gawar yaron. Naruto ya yi ta faɗa wa Zabuza magana a kan irin ƙaunar da yaron ya yi masa, har mutumin nan da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya yi kuka. Hannuwansa biyu sun riga sun mutu, sai ya kama wuƙa da baki, ya keta taron ya kashe Gato. Daga nan ya roƙa a kwantar da shi kusa da Haku, a nan ya cika. Mutanen gari, waɗanda tsoro ya daɗe da rufe musu baki, suka fito da abin da ya samu a hannu suka kori sauran 'yan dabar. Aka gama gada, aka sa mata sunan Naruto.

Hujjar masu wannan zango ita ce, gajere ne, ba ya da surutun banza, kuma a nan aka fara nuna cewa abokin gāba ma mutum ne mai zuciya. Masu suka kuwa su kan ce Naruto bai iya kome ba tukuna, kuma Sakura, yarinya ɗaya tilo a cikinsu, tsayawa kawai ta yi tana gadin tsoho. Wannan suka gaskiya ce.

MASU SON ZANGON JARRABAWA

Wannan ya biyo bayan na gada, daga kashi na 20 zuwa wajen na 67. An tara yaran garuruwa dabam-dabam don jarrabawar ƙarin girma. Mataki na farko a rubuce ne, tambaya goma, masu wuyar da ta fi ƙarfin yaran. Ashe da gangan aka yi haka. Tun da ya ke aikin ninja leƙen asiri ne, abin da a ke gwadawa shi ne wa zai iya samo amsa ba a kama shi ba. Tambaya ta goma kuwa ba a faɗe ta ba sai da aka gitta sharaɗi: wadda ta ji tsoro ta fita, ta dawo wani karo, wanda ya zauna ya faɗi, ba shi ba jarrabawa har abada. Da yawa suka fita. Waɗanda suka zauna aka ce sun ci, don zaman shi ne amsar. Naruto ya wuce da takardarsa fara fat, bai rubuta ko ɗigo ba.

Ƙannena, a nan dole in sa baki a matsayina na malama. Wannan dabara ta Garin Ganye ce. Wadda ta kai ta zauren WAEC ko NECO, ta miƙa farar takarda ko ta leƙa ta maƙwabciya, ba Naruto da zai cece ta.

Bayan wannan aka sa su cikin wani mugun daji kwana biyar, sa'an nan aka shiga karawa ɗaya da ɗaya. A nan ne Rock Lee ya fito. Shi yaro ne da ba ya da baiwar da sauran su ke da ita, ko kaɗan. Abin da ya ke da shi naci ne: gudu, da tsalle, da naushin kututture dare da rana. Aka haɗa shi da Gaara, wanda yashi ke kāre shi, ba wanda ya taɓa ko lakutarsa. Lee ya kwance waɗansu ƙarafa masu nauyi da ya ke ɗaure da su a ƙafa, ya sake su, ƙasa ta girgiza. Ya zama na farko da ya taɓa jikin Gaara. Duk da haka aka ka da shi, hannu da ƙafa suka karye. Sai ga shi ya miƙe tsaye zai ci gaba, alhali kuwa a sume ya ke.

A nan kuma aka ga Hinata, yarinya mai kunya wadda gidansu suka raina, ta tsaya gaban ɗan baffanta Neji, wanda ya fi ta ƙarfi nesa, ta ƙi ja da baya. Abin mamaki a ƙarshe, cikin yaran duka mutum ɗaya aka ƙara wa girma, Shikamaru, wanda ya ɗaga hannu ya ce ya sallama a tsakiyar karawarsa. Alƙalai suka ga ya san iyakar ƙarfinsa, kuma irinsa ne ba zai kai mutanensa ga halaka ba.

Masu son zangon nan su kan ce a nan ne kowa ya sami nasa gwani, don yara da yawa aka nuna, ko wanne da halinsa. Masu suka su kan ce ya yi tsawo, kuma jarrabawar ma ba a gama ta ba, yaƙi ya katse ta.

MASU SON ZANGON PAIN

Wannan yana can cikin rabi na biyu, kashi na 152 zuwa na 175, an nuna shi a Japan a 2010. Pain laƙabi ne na Turanci, ma'anarsa raɗaɗi, yara kuwa "Pen" su ke faɗi. Sunansa na gaskiya Nagato. Ɗan wata ƙaramar ƙasa ce da manyan ƙasashe suka mai da filin yaƙinsu, kuma mayaƙan garin su Naruto ne suka kashe iyayensa. Wani malami, Jiraiya, ya tsince shi ya koya masa. Wannan Jiraiya shi ne daga baya ya zama malamin Naruto, ya zame masa kamar uba. Nagato ya girma da ra'ayin cewa duniya ba za ta bar yaƙi ba sai kowa ya ɗanɗani azabar da ya ɗanɗana. Ya kashe Jiraiya, ya zo ya rushe Garin Ganye, ya bar rami a inda gari ya ke.

Naruto ya dawo ya tarar da kufai. Suka kara, aka danne shi a ƙasa. Ba wanda ya iya matsowa sai Hinata, wadda ta san sarai ba za ta iya ba, amma ta shiga. Bayan Naruto ya yi nasara, ya bi sawu har inda Nagato ya ke ɓoye, ya same shi ƙashi da fata. Ga wanda ya kashe malaminsa a gabansa, ba ya iya ko tashi. Naruto ya ce ya ba shi labarinsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce bai yafe ba tukuna, amma ba zai rama ba, domin ramuwa ita ke haifar wata ramuwar. Nagato ya ba da ransa ya dawo da waɗanda ya kashe a garin, irin yadda a kan yi a tatsuniya. Mutanen da suka ƙyamaci yaron nan tun yana jinjiri suka fito suka tarye shi suna ɗaga shi sama.

Masu wannan zango su kan ce nan ne alkawarin labarin ya cika. Masu suka suna da magana biyu. Ta ɗaya, dawo da matattu ya rage nauyin abin, don hawayen da mai kallo ya zubar ya zama na banza. Ta biyu, kafin ki iso nan sai kin wuce kashi 371.

INDA DUK SUKA YARDA

Abu ɗaya ne na ga ba su yi gardama a kansa ba, watau abin da su ke kira ciko. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne. A lokacin, Kishimoto babi ɗaya ya ke zanawa a mako, amma kashi ɗaya na talabijin ya kan cinye babi biyu ko fiye. Sabo da haka masu talabijin su kan kamo mai zane. Maimakon su tsaya su jira, sai su ƙaga waɗansu labarai na gefe, waɗanda ba su cikin littafin, ba su kuma ƙara kome ga tafiyar. Daga kashi na 136 har kusan na 220, yawanci ciko ne a jere. In aka haɗa duka, wajen biyu daga cikin ko wane biyar ciko ne. Kamar mai tuwon sayarwa ce baƙi suka yi mata yawa, ta ƙara wa miya ruwa. 'Yan matan duka sun san wannan, sun kuma san inda za su tsallake. Na yi mamaki ƙwarai, yaran da na ke fama da su su bambance muhimmin zance da na gefe a darasin fahimta, ga shi sun iya tun tuni.

BA YAU AKA FARA BA

Iyayena mata, kada mu yi saurin yi wa yaran nan dariya. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa gardama a kan Magana Jari Ce ba? Alhaji Abubakar Imam ya fitar da shi littafi uku, daga 1937 zuwa 1939. Waɗansu sun fi son na ɗaya, inda Aku ke ba Musa labari dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Waɗansu na biyu, inda Aku ya yi gasar labari da Haziƙ. Waɗansu kuma na uku, inda ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar baki. Yau fiye da shekara tamanin ke nan, ba a raba gardamar ba. Haka kuma tun da aka fara nuna Labarina na Malam Aminu Saira a 2020, ba gidan suna ko na biki da za ki shiga ba ki ji ana musun wane zango ya fi ba.

Can ƙasashen waje ma haka ne. A ƙarshen 2022 masu buga Naruto suka buɗe ƙuri'a ga duniya duka, kowa ya zaɓi gwaninsa a cikin labarin. Aka jefa ƙuri'a fiye da miliyan huɗu. Da sakamako ya fito a 2023, Minato, mahaifin Naruto, shi ya zo na ɗaya, Itachi na biyu, Sakura ta uku. Naruto mai labarin kansa na shida ya zo. To, in duniya ba ta haɗu a kan mutum ɗaya ba, ina 'yan matan Zauro za su haɗu a kan zango ɗaya?

ABIN DA MUKA YI A AJI

Da na fahimci zancen, sai na kira aminan nan biyu ɗaya bayan ɗaya. Ashe a cikin zafin musu ne mai son jarrabawa ta ce wa ƙawarta, "Zangon marayu, ai sai marayu ke sonsa." Ta ce wallahi ba ta yi nufin kome ba, bakinta ne ya kuɓuce. Amma magana zarar bunu ce.

Ranar Alhamis, a darasin Hausa, na ce yau muhawara za mu yi. Na kafa doka uku. Ta ɗaya, kafin ki yabi naki, sai kin faɗi abu ɗaya mai kyau a zangon abokiyar karawarki. Ta biyu, ko wace magana sai da hujja daga cikin labarin. Ta uku, zango a ke suka, ba a taɓa mai zango. Ko wace ƙungiya ta fid da mai magana, minti uku-uku.

Mai zangon Pain ta fara. Ta ce ita dai faɗan ne ya burge ta, da yadda Hinata ta shiga alhali maza suna tsaye. Aka tafa mata.

Mai jarrabawa ta tashi. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma karatu ba ya zauna mata da sauri. Ta ce, "Malama, ni ina son Rock Lee ne don sai ya yi abu sau ɗari kafin ya iya abin da wani ke yi sau ɗaya. Ni ma haka na ke." Aji ya yi tsit. Shekara biyu ina koya mata, ban taɓa sanin abin yana damunta haka ba.

Sa'an nan mai gada ta tashi, idonta a ƙasa. Ta fara da yabon Rock Lee, kamar yadda doka ta ce. Daga nan ta ce, "Ni abin da na gani, Zabuza bai taɓa ce wa Haku yana ƙaunarsa ba, kullum faɗa. Sai a ƙarshe aka gane. Watau wanda ya riƙe ka yana iya ƙaunarka ko bai faɗa ba." Ta zauna, ba ta cika minti ukun ba.

Aka ɗaga hannu, zangon jarrabawa ya ci da rata kaɗan. Ba wadda ta canja ra'ayinta, ban kuma nemi haka ba. Aminan nan ba su yi magana ran nan ba. Amma da safe na hango su sun shigo tare, ɗaya na riƙe da jakar ɗaya.

Da yamma na je wurin Gwaggo na gaya mata abin da 'yarta ta faɗa, ban rage kome ba, sai dai ban ce mata Zabuza maƙashi ne ba. Ta yi shiru, ta share ido da bakin zane, ta ce, "Haka ta ce?" Zancen barin makaranta bai sāke tashi ba. Waya kuwa an mayar, amma sai Asabar da Lahadi, bayan an gama aikin gida.

GARE KU IYAYE MATA

Shawarata ta fari, in kin ji 'yarki na musu a kan irin wannan, kada ki tsaya ga "Ku yi mana shiru." Ki tambaye ta wanne ta fi so, sa'an nan ki ce, "Don me?" Abin da yarinya ba za ta iya faɗa a kan kanta ba, sau da yawa ta kan faɗe shi a kan mutumin cikin labari. Ko ba ki taɓa kallon wasan ba, ki sa ta ba ki labari kina tankaɗe ko kina tsinkar zogale. Da ma haka kakanninmu suka san halinmu, a wurin tatsuniya.

Ta biyu, ki sa ido. Wasan nan yana da faɗa da jini, akwai kuma waɗansu wurare na raha da ba su dace da tarbiyyarmu ba, musamman inda Jiraiya ya ke. Bai kamata a bar ƙananan yara da shi su kaɗai ba.

Ta uku, ki yi lissafin lokaci. Kashi 720 ne, ko wanne wajen minti 23. In kin haɗa, awa 276 ke nan. Wadda ta ke kallon awa ɗaya kullum, sai ta yi wata tara kafin ta gama, watau kusan shekarar karatu guda. Ki yanka mata rana da lokaci, kada waya ta kwana a ƙarƙashin matashin kai.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ku yi gardamarku, ban hana ba. Mai cewa "nawa ya fi" ta kuma kawo dalili uku a jere, ta riga ta koyi rabin rubutun insha'i. Amma ku riƙe dokokin nan uku, ko a aji ko a gindin bishiya. Ku tuna kuma ba ku san abin da ya sa ƙawarku ta zaɓi nata ba. Wataƙila ta taɓa wani wuri ne a zuciyarta da ba ta nuna muku ba. In kuna kallon mai rubutun Turanci a ƙasa, ku ajiye ɗan littafi kusa, ku rubuta kalma biyar sababbi ko wane zama, ku kawo wa malamarku.

Na san za ku ce, "To Malama, ke wanne ki ka zaɓa?" Ba zan ɓoye ba, zangon gada ne. Dalilina, a zama uku an gama shi, ba ruwa a miyarsa, kuma ni 'yar bakin gulbi ce, labarin talakawan da suka haɗa kai suka gina gadarsu ya shige ni. Na yarda da masu cewa an danne Sakura a ciki, wannan aibi ne. Ƙanena kuwa ya ce ban san kome ba, sai na ga zangon da aka bi Sasuke don a dawo da shi gida. Har yanzu muna kai.

Wadda ta ke da nata ra'ayi, ko a kan Naruto, ko Magana Jari Ce, ko Labarina, ta rubuto wa wannan fili. Sharaɗi ɗaya ne: ta fara da yabon wanda ba ta zaɓa ba, sa'an nan ta kawo hujjarta. Za mu buga waɗanda suka fi tsari, in Allah ya so.